Rijiyar da Muke Sha Kullum, Wa Ke Yashe Ta?



A zaman da muka yi na tsara kasafin shekara mai zuwa, wani matashi daga cikinmu ya ɗaga hannu ya ce yana son a ƙara layi ɗaya a takardar. Buƙatarsa ita ce a riƙa ware wani ɗan kaso kowace shekara domin tallafa wa buɗaɗɗun manhajoji da mutanen da ke kula da su. Ɗakin ya yi tsit, can kuma aka fashe da dariya. Wani dattijonmu ya ce, "Ɗana, mu da muke fama da kuɗin makarantar marayu, mu ne za mu aika wa Turawa sadaka?" Wata uwa daga baya ta ƙara da cewa abin da aka ce kyauta ne, me kuma ya kawo maganar biya? Aka ɗage zancen zuwa zama na gaba.

Mu da muke wannan rubutu muna cikin waɗanda suka yi dariyar. Mun koma gida mun sake tunani, mun tambayi waɗanda suka fi mu sanin harkar, kuma yanzu muna ganin yaron nan yana da gaskiya, ko da yake akwai gyara a yadda ya kawo maganar.

Bari mu fara da bayanin abin da ake magana a kai, don da yawanmu ba mu gane ba a ranar. Magini a Kafanchan ba ya ƙera ƙusa da kansa, ba ya haɗa siminti daga dutse, ba ya narka ƙarfe ya yi kwanon rufi. Yana samun waɗannan a shirye, ya harhaɗa su gida ya tashi. Haka masu rubuta manhaja suke yi. Akwai tubala da wasu suka riga suka yi suka ajiye: wannan yana kulle saƙo kada wani ya karanta a hanya, wancan yana adana lambobin waya, wani yana matse babban fayil ya zama ƙarami, wani kuma aikinsa kawai ya zana haruffa a fuskar waya. Masu sana'ar suna kiran irin waɗannan tubala laburare, ko da yake babu littafi ko ɗaya a ciki. Yawancinsu a buɗe suke. Kowa na iya duba yadda aka rubuta su, ya kwafa, ya gyara, ya yi amfani da su, ba tare da ya biya ko sisi ba.

Wayar Android da ke hannunka a yanzu tana zaune ne a kan Linux, wanda wani ɗalibi a ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991 ya sake shi ga duniya. A cikinta akwai SQLite, ƙaramin rumbun adana bayanai da D. Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, wanda manhajoji barkatai ke ajiye kayansu a ciki. Kullen da ke hana wani karanta hirarku ta WhatsApp an gina shi ne a kan tsarin Signal, shi ma buɗaɗɗe ne. Manomin citta a Kwoi ko Kachia da ke tura hoton ganyen da ya fara rawaya zuwa ga ɗan'uwansa, da mai POS a bakin kasuwa, da ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da ke duba sakamakon jarrabawa, duk suna taka waɗannan tubala kowace rana ba su sani ba.

Akwai wanda ya fi shafarmu kai tsaye, wato rubutun harsunanmu. Hausa tana da ƙ da ɗ da ɓ. Tyap tana da wasula masu layi a ƙasa, irin su a̱ da i̱. Waɗanda suka daɗe da kwamfuta za su tuna lokacin da irin waɗannan haruffa ke fitowa a matsayin akwati ko alamar tambaya, sai mutum ya buga takarda ya bi ta da biro yana ƙara ƙugiya. Yau layin yana zama daidai a ƙarƙashin harafinsa saboda wasu tubala irin su HarfBuzz, wanda Behdad Esfahbod, ɗan asalin Iran, ya daɗe yana jagoranta, kuma shi ne ke jera haruffa a Android da Chrome da Firefox. Ƙungiyar SIL ta saki nau'o'in rubutu irin su Charis da Andika kyauta, haka ma allon rubutu na Keyman. Wikipedia ta harshen Tyap da aka buɗe a 2022, wadda 'ya'yan yankin nan suka yi wa aiki da hannunsu, tana gudana ne a kan MediaWiki, ita ma buɗaɗɗiya. Duk mai fatan ganin Jju da Hyam da Ninzo da Adara da Nikyob sun samu gurbi mai kyau a waya, to a kan waɗannan kayan zai yi gininsa. Babu kamfanin da zai zauna ya yi wa harshe mai masu magana dubu ɗari kaɗan aiki don riba.

Ko a asibiti haka abin yake. Rahoton wata-wata da ma'aikatan ƙananan asibitoci ke cikewa, na haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, yana ƙarewa ne a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar gininta, wadda Najeriya da ƙasashe fiye da 70 ke amfani da ita. Matasanmu da ƙungiyoyin agaji ke ɗauka aikin tattara bayanai a ƙauyuka suna yi ne da ODK ko KoboToolbox.

To wa ke kula da duk waɗannan? A nan ne dariyarmu ta tsaya.

A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka a OpenSSL, tubalin da ke kulle hanyar sadarwa tsakanin mutum da shafukan intanet masu yawan gaske. Aka sa wa ɓarakar suna Heartbleed. Ta kusan shekara biyu tana nan ba a lura ba, kuma ta cikinta ɓarawo na iya zaro kalmomin sirrin mutane. Da aka waiwaya a ga su waye ke gadin wannan ƙofa da bankuna da manyan kamfanoni suka dogara da ita, sai aka tarar mutum ɗaya ne kacal ke aikin a matsayin cikakkiyar sana'a, sauran 'yan sa-kai ne, kuma gudummawar da ke shigo musu ba ta wuce kusan dala 2,000 a shekara ba. Kunya ta kama manyan kamfanoni. Google da Microsoft da Facebook da Amazon da wasu suka yi alkawarin dala 100,000 kowannensu a shekara, har shekara uku, ta hannun Gidauniyar Linux. A Disambar 2021 aka sake yin irin ta da Log4j, inda 'yan sa-kai kaɗan suka kwana suna toshe rami yayin da duniya ke zaginsu kan kayan da ba ta taɓa biyansu ba.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na xz, wani ƙaramin tubali na matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, shi ke riƙe da shi shekara da shekaru a lokacin hutunsa. Ya gaji, ya kuma faɗa a fili cewa aikin ba na albashi ba ne kuma ƙarfinsa ya ragu. Sai ga wani da ke kiran kansa Jia Tan ya bayyana yana taimako, yana gyare-gyare masu kyau, har kusan shekara biyu, har aka yarda da shi aka ba shi makulli. Da ya samu wuri sai ya dasa ƙofar baya da za ta ba masu kutse damar shiga manyan kwamfutoci a faɗin duniya. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga kwamfutarsa ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, asiri ya tonu kafin abin ya bazu. Rabin daƙiƙa, jama'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da aka samu a nan gajiyar mutum ɗaya ce da aka bar wa kaya shi kaɗai.

Mu mutanen Kudancin Kaduna bai kamata a yi mana dogon bayani kan wannan ba, don mun san shi da idonmu. Ƙauyuka nawa ne aka haƙa wa burtsatse, aka zo da kanofi da kujeru da masu ɗaukar hoto, aka yanke ƙyalle, bayan damina biyu wata roba da ba ta kai kuɗin buhun masara ba ta lalace, mata suka koma rafi? Akwai wata makaranta a yankinmu da aka kai wa kwamfutoci, muna wurin ranar buɗewa, mun tafa. Da muka koma bayan 'yan shekaru, ƙura ce da gidan zanzaro a kan allunan, saboda wanda ya bayar bai sa kuɗin gyara a lissafi ba, mu ma da muka karɓa ba mu sa ba. Garin Kafanchan kansa jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun da layin da ya taso daga Fatakwal ya bi ta nan zuwa Kaduna a wajajen 1927, ga kuma reshen Jos. Duk wanda ya bi ta tashar a yau ya san abin da rashin kula ke yi wa ƙarfe. Muna da hannu wajen bikin buɗewa. Wajen yashe rijiya ne kowa ke tuna yana da uzuri.

Amma kuma a garin nan aka nuna cewa ana iya yin akasin haka. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma take zaune a Bayan Loko, unguwar da sunanta ma daga shagon gyaran jirage ya samo asali, ta fara ne da ba mata ƙananan rance, sannan ta shiga koyar da kwamfuta da tsofaffin na'urori da aka gyara. John Dada da Kazanka Comfort da abokan aikinsu sun gane tun da wuri cewa abokan gabar kwamfuta a nan su ne zafi da ƙura da rashin wuta, don haka suka mai da hankali kan koya wa matasa gyara da kan wutar sola. A 2001 cibiyarsu ta Bayan Loko ta ci kyautar Hafkin ta ƙungiyar APC, karon farko da aka bayar da ita. Daga baya suka kafa ZittNet, suna raba intanet ta iska zuwa cibiyoyi a cikin gari da kewaye, a lokacin da yawancinmu ba mu taɓa aika imel ba. Abin da ya fi burge mu shi ne labarin wannan aiki, da nasarorinsa da tuntuɓensa, an rubuta shi a cikin wani littafin koyar da kafa irin wannan sadarwa a ƙasashe masu tasowa, littafin da aka sake kyauta kowa ya kwafa. Wato wani a wata nahiya ya koyi darasi daga Kafanchan bai biya ba. Mun taɓa zuba namu a wannan tukunya, ba yau za mu fara ba.

Yanzu mu dawo kan maganar Baba, don ba maganar banza ba ce. Muna da 'yan gudun hijira. Muna da zawarawa da marayu da hare-hare suka bari. Manoman citta ba su gama farfaɗowa daga cutar da ta cinye gonaki a 2023 ba. Dala ɗaya ta haura naira 1,000 da nisa, ta yadda abin da za mu tara da gumi, in an canza shi, ba zai biya injiniya a Turai albashin mako ɗaya ba. Kuma gaskiya ne cewa nauyin nan ya fi hawa kan kamfanonin da ke cin ribar biliyoyi da waɗannan tubala, da kuma gwamnatoci. Jamus ta gane haka, ta kafa asusu na musamman a 2022 da ke biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji, har ta ba aikin GNOME yuro miliyan 1 a 2023. Idan wani ya ce a cire daga kuɗin marayu a aika waje, mu ne na farko da za mu ƙi.

Inda muka rabu da Baba shi ne zaton cewa tallafin dole sai ya tsallaka teku. Ba Turawa kaɗai ke wannan aiki ba. Chakra UI, tubalin da masu gina shafukan intanet a ƙasashe da dama ke amfani da shi, ɗan Najeriya ne, Segun Adebayo, ya ƙirƙiro shi. Samson Goddy da Ada Nduka Oyom sun kafa Open Source Community Africa, wadda ta yi babban taronta na farko a Legas a 2020. A Kano akwai CITAD, a Kaduna akwai CoLab. A nan gida akwai yara a harabar Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da sauran makarantu waɗanda ke koyon rubuta manhaja a kan waya mai fasasshen gilashi, suna zuwa shagon caji da dare. Buɗaɗɗiyar manhaja ba kuɗi kaɗai take buƙata ba. Tana buƙatar mai fassara maɓallanta zuwa Hausa da Tyap da Jju, mai gwada ta a kan ƙaramar waya da sabis mai rauni ya kai rahoton inda ta gaza, mai sa sunayen ƙauyukanmu da hanyoyinmu daidai a taswirar OpenStreetMap, mai rubuta bayanin amfani da ita da harshen da ma'aikaciyar asibitin ƙauye za ta gane. Duk wannan aiki ne da nairarmu ke iya saya, kuma a nan naira tana da ƙarfi. Kuɗin data da caji da ɗan abin sabulu na wata shida ga matasa biyu ko uku ba zai karya ƙungiya ba.

Ribar ma ba ta tsaya ga manhajar ba. Duk gyaran da yaro ya yi a buɗaɗɗen aiki yana nan a rubuce da sunansa, kowa na iya gani daga ko'ina. Ga matashin da ba shi da kawu a ma'aikata, wannan shaida ce da ta fi takardar yabo daga wani babba.

Don haka ga yadda muke ganin a gyara shawarar. A ware kashi 2 cikin 100 na abin da ke shigowa ƙungiya a shekara, kada a taɓa asusun jinƙai ko na karatu. Mafi yawansa ya tsaya a gida, a biya matasan da aka zaɓa bisa aikin da za a iya nunawa: kalmomi nawa aka fassara, ƙauyuka nawa aka sa a taswira, kurakurai nawa aka kai rahoto aka karɓa. Ragowar, ko da bai wuce dala 50 ba, a aika wa tubali ɗaya da muka san muna amfani da shi, ta hannun 'yan uwanmu da ke zaune a Ingila ko Amurka, waɗanda biyan ya fi musu sauƙi. Wani zai ce me dala 50 za ta yi? Ga kamfani ba komai ba ce. Ga mutum irin Lasse Collin, wanda saƙonnin da ke iso masa yawanci ƙorafi ne da matsin lamba, takarda daga wata ƙungiya a Kafanchan da ke cewa muna amfani da aikinka, ga ɗan abin da muka iya, tana da nauyin da ya wuce kuɗin.

Abin da muka fi nacewa a kai shi ne kalmar nan "kowace shekara". Gudummawar lokaci ɗaya ita ce burtsatsen da muka ambata. Mai kula da manhaja, ko a Zonkwa yake ko a Helsinki, ba ya iya tsara rayuwarsa a kan kyautar da ta zo yau ba a san ko za ta dawo ba. Ƙaramin abu da aka san ranar zuwansa ya fi babban da ke faɗowa sau ɗaya. Iyayenmu mata sun san wannan a adashi: ba girman zubi ke riƙe shi ba, rashin fashi ne. Haka gayya take, ana zuwa gonar wane ne don an san gobe za a zo taka. Mun ga yadda kuɗin da aka yi alkawari bayan Heartbleed ya taimaka, amma duk da haka bayan shekara goma aka sake samun mutum ɗaya a gajiye yana gadin wata ƙofar. Taimakon da ke zuwa sai gobara ta tashi ba ya hana ta gaba.

Akwai haɗari, kuma gara mu faɗe shi da bakinmu. Kuɗi irin wannan yana iya zama rabon 'yan gida, a ba ɗan shugaba da ƙanen ma'aji, a rubuta rahoto da turancin da babu mai ganewa. An yi mana irin haka a wasu kwamitoci, ba sai mun kira suna ba. Sa'ar da muka yi a nan ita ce buɗaɗɗen aiki ba ya ɓoyuwa. In an ce an fassara, kowa na iya buɗe waya ya gani. In an ce an sa ƙauye a taswira, ɗan ƙauyen zai duba. Sharaɗinmu shi ne a wallafa a wannan shafi, kowace Disamba, sunan aikin da adadin da aka biya da inda za a duba, kuma a raba damar tsakanin ƙabilu da addinai da maza da mata yadda kowa zai ga nasa a ciki. Idan bayan shekara biyu babu abin nunawa, a soke layin, mu ma za mu ɗaga hannu a soke shi.

Baba, da girmamawa muke roƙo, a zama mai zuwa a ba yaron nan minti goma ya haɗa wayarsa da majigi, ya rubuta sunan ƙauyenku da harshenku, da layinsa da ƙugiyarsa, ku gani a bango, sannan ya nuna muku sunayen mutanen da suka sa hakan ya yiwu da abin da ake biyansu. Bayan nan sai a kaɗa ƙuri'a. Matasan da ke ganin za su iya aikin fassara ko taswira, su miƙa sunayensu da samfurin abin da suka taɓa yi ga sakatare kafin ranar zaman.